Kafin a zuba dekin: amsa kan aiki da BIM a ƙaramin ofis

"Assalamu alaikum, Yallaɓai. Ni matashi ne mai zanen gine-gine a nan Birnin Kebbi, shekarata uku da gama makaranta. An ba mu aikin ƙaramin asibiti, ƙasa da bene ɗaya, kuma mai shi yana son gidan iyalinsa a baya cikin fili guda. Na saba zane da manhajar AutoCAD, in za a nuna wa mai gini sai in ɗaga shi a SketchUp in fitar da hoto mai kyau. Yanzu kowa maganar BIM yake yi, wato a ɗaga ginin gaba ɗaya a kwamfuta tare da bayanan kowane sashensa, har na fara koyon Revit, ɗaya daga cikin manhajojinsa. Amma injiniyan da zai yi mana lissafin rodi yana Sakkwato, AutoCAD kaɗai yake taɓawa, mai famfo da mai wayarin kuwa ko zane ba sa kawowa. Akwai amfanin in wahalar da kaina? Kuma yaya zan nuna wa Alhaji aikin ya gane? A ginin da muka yi masa a baya ya ce to a takarda, da bango ya tashi ya ce ba haka ya fahimta ba."

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa aikin albarka. In na fahimce ka, abu biyu ke cin ranka. Na farko, kai kaɗai za ka riƙe samfurin, wato ginin da ka ɗaga a kwamfuta, sauran abokan aiki wani yana kan takarda, wani a ka ya riƙe nasa, to samfurin mutum ɗaya yana da rana kuwa? Na biyu, yadda za a yi "to" ɗin Alhaji ta zama ta wanda ya gani ya gane, ba ta kawaici ba.

Yana da rana. Sai dai hoton nan mai sheƙi da kowa ke ɗoki shi ne mafi ƙanƙantar ribar da za ka ci. Babbar ribar ita ce rigimar da aka saba yi a bakin gini bayan kankare ya bushe, ka jawo ta ofis a yi ta tun abin yana kan kwamfuta, lokacin da matsar da ginshiƙi aikin minti biyu ne. Ranar da na fara furta kalmar BIM a wurin aiki, wani tsohon birkila ya dube ni ya ce, "Wane bim kuma, Oga? Ai na gaba mun ɗaure shi tun jiya." Aka yi dariya. Amma da tafiya ta yi tafiya na ga bai yi nisa da gaskiya ba, don yawancin abin da BIM ya tsare mini daga guduma bim ɗin kankare ne, wato ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dekin.

Bangon da ya san kansa

A AutoCAD, wanda ya fito tun 1982, in ka ja layi biyu ka ce bango ne, kai ka san bango ne, kwamfuta layi biyu take gani. Filan daban, zanen fuska daban, zanen yanka, mai nuna cikin gini kamar an yanka shi daga sama zuwa ƙasa, daban. Ka matsar da taga a ɗaya, dole ka tuna ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya yi wannan aiki ya san wata rana sai an manta. SketchUp yana ba ka siffa, amma siffa ce kawai, kamar gidan kwali. A samfurin BIM bango ya san bulo inci 9 ne, ya san daga inda ya tashi da inda ya tsaya, ƙofa ta san a jikin wane bango take. Filan da fuska da yanka da jadawalin ƙofofi duk leƙe ne cikin gini ɗaya ta kusurwa daban-daban, ka taɓa abu a wuri guda ya canza ko'ina.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari yana sayar da ArchiCAD tun shekarun 1980, Autodesk kuma ta sayi Revit a 2002. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta aiki da BIM a kwangilolinta daga 2016, ƙa'idar duniya ta ISO 19650 kan sarrafa bayanan gini ta fara fitowa a 2018. Kai kuwa ba wanda zai tambaye ka samfuri a irin wannan aiki. Hukumar raya birane zanen takarda za ta karɓa, ɗauke da hatimin mai zane da ARCON, hukumar masu zanen gine-gine, ta yi wa rajista da na injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi. Don haka in ka yi, don kanka ka yi, da barcinka.

Inda zane ke cin karo da zane

Bari in ba ka abin da ya sa na koma wannan hanya. Shekarun baya na kula da wani gini mai bene a yankin Argungu. Zanena daidai, na injiniya daidai, kowa in an duba nasa shi kaɗai ba a samun aibi. Na sa banɗaki a tsakiyar bene, injiniya ya ratsa bim a daidai ƙarƙashinsa, tsakanin masai da bangon waje. Ba wanda ya ɗora takardar nan bisa waccan. Aka zuba dekin, aka cire katako, mai famfo ya zo da bututunsa inci 4 ya tarar da bim ya tare masa hanya. Ranar Asabar ce, ba na nan. Da na zo Litinin na tarar da rami a jikin bim ɗin, an sare shi da guduma da cizal, rodin ƙasa guda biyu an yanke su an lanƙwashe gefe, bututu ya wuce abinsa. Ya ce mini, "Ruwa ba ya hawa sama, Oga." Gaskiya ya faɗa. Rodin da ya yanke kuwa su ne ke ɗauke da nauyin a tsakiyar bim. Sai da aka tokare dekin, injiniya ya zo ya tsara gyara, aka kafa ginshiƙin da ba ya cikin zane a tsakiyar ɗakin ƙasa. Har yau yana nan, mai gidan ya sa an zagaye shi da tayil.

Yanzu ka ɗauki asibitinka mu yi lissafin. A ce daga daɓen ƙasa zuwa na sama mita 3.3, dekin milimita 150, bim kuma zurfinsa 450 har da dekin. Ƙasan bim yana mita 2.85 ke nan. In bututun ya bi ta ƙarƙashinsa, kaurinsa 110 ya ci, saura 2.74. Bututun ƙazanta yana son gangara, a ce ɗaya cikin 40, in zai yi tafiyar mita 6 kafin ya fita waje ya sake cin 150, saura 2.59. Ka sa silin ya rufe shi, ka dawo wajen 2.5. Ka rataya fanka, fukafukanta suna kusan mita 2.1 ko 2.2. Wannan a ɗakin kwanciyar marasa lafiya, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ba takardar da ta yi ƙarya, amma ɗakin ya zama tanda, dogon mutum kuma yana tsoron miƙa hannu.

A samfuri, yanka ɗaya ta wannan wuri zai nuna maka abin cikin daƙiƙa, kuma a lokacin kana da zaɓi. Ka mayar da banɗakunan jikin bangon waje, na sama bisa na ƙasa, bututu ya fita kai tsaye. Wannan na fi so, don ba ya cin ko kwabo. Ko injiniya ya yarda a binne guntun bututu cikin bim kafin zubi, a wurin da shi ya nuna, da ƙarin rodin da ya tsara. Ko a ƙara layin bulo ɗaya, milimita 225, a tsayin ginin. Amma ka lura, kana ƙara tsayi matakala ta canza: taki 20 na milimita 165 sun koma 21. Gangarar da za a tura gadon mara lafiya ita ma ta ƙara tsawo. Ita wannan gangara ka tayar da maganarta da wuri, don masu asibiti suna faɗinta kamar abu ne na kusurwa ɗaya. A ma'aunin ɗaya cikin 12, hawan mita 3.3 yana buƙatar mita 39.6, ban da wuraren hutawa. Fili mai ƙafa 100 tsawonsa mita 30 ne da ɗoriya. Ko dai a naɗe ta sau biyu ko uku, ko a sauko da tiyata da ɗakin haihuwa ƙasa a bar ofisoshi a sama. Irin wannan shawara ce ake nufi da tun ran gini ran zane.

Injiniyanka yana AutoCAD, to sai me

Kada ka jira ya koyi Revit, kada kuma ka raina shi don bai koya ba. Lissafin da ke kansa ya fi manhajar da ke kwamfutarka tsada. Kafin kowa ya yi nisa, ku daidaita abu biyu: layukan ginshiƙai da sunayensu, A, B, C ta nan, 1, 2, 3 ta can, sai tsayin kowane hawa. In kun saɓa a nan, duk abin da ya biyo baya shirme ne. Ya turo maka zanensa, ka shigo da shi ƙarƙashin samfurinka, ka ɗaga ginshiƙai da bima-bimai da dekin da hannunka, daidai da girman da ya rubuta. A gini irin naka aikin yini ɗaya ne ko biyu. Sharaɗi guda: kai mai kwafa ne a nan. In bim ya tare maka taga, kada ka rage shi a samfuri don ya yi kyau. Ka ɗauki hoton wurin, ka zagaye da ja, ka rubuta "layi C tsakanin 3 da 4", ka tura masa. Shi zai ce a rage ko a bari, kuma ya gyara a zanensa mai hatimi.

Mai famfo da mai wayarin kuwa, zanensu yana bakinsu. Ka kira su ofis, ka sa a kawo shayi, ka juya musu allon ka ce kowa ya nuna da yatsa inda zai bi. Za ka sha mamakin yadda suke saurin karanta 3D, mutanen da in ka shimfiɗa musu filan sai su yi ta gyaɗa kai kawai. Ba kowane siririn bututun waya za ka zana ba, ɓata lokaci ne. Ka zana abin da in ya ci karo sai an fasa kankare: bututun ƙazanta da hanyarsa zuwa sokawe, bututun ruwan sama, babban layin ruwa daga tanki, allon rarraba wuta, mazaunin na'urorin sanyi na waje da inda ruwansu zai zuba. Sai kayan nauyi. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce. Tanki biyu masu lita 2,000 a kan rufi tan huɗu ke nan, kuma sau da yawa injiniya bai ji labarinsu ba sai ranar da aka ɗaga su da igiya. Haka farantan sola da ɗakin batura. Ka sa su a samfuri, ka tura masa hoton.

Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, farautar karo. Revit kansa yana da abin duba shigar wani abu cikin wani. Navisworks da Solibri suna haɗa samfuran mutane daban-daban su jero maka duk inda aka yi gware. In wani yana ArchiCAD kai kana Revit, sai ku yi musaya da fayil ɗin IFC, wanda ƙungiyar buildingSMART ke kula da ƙa'idarsa don kowace manhaja ta iya buɗewa. Amma ranar farko da ka danna za ta zubo maka ɗaruruwa, mafi yawansu filasta ce ta taɓa ginshiƙi, sai ka gaji kafin ka kai kan guda biyar ɗin da za su ci kuɗi. A ƙaramin gini ni na fi dogara da idona: in yanka ta kowane banɗaki, ta matakala, ta korido, in bi a hankali. Kuma akwai karon da manhaja ba za ta ƙirga ba, tunda ba abin da ya taɓa wani. Gadon turawa mai tsawon mita 2 zai iya juyawa daga korido ya shiga ƙofar tiyata? Bim ɗin da ke saman kwanar matakala ya bar mita 2 ko goshin mutum zai ci? Ƙofar banɗaki in ta buɗe ta bar wurin tsayawa? Ka zana gadon, ka ja shi da linzamin kwamfuta ka gani.

Wani abu da ke kashe wannan aiki a wurinmu ba manhaja ba ce, WhatsApp ne. Zane ya yi yawo a waya, wannan "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe gyararre", kafinta yana aiki da na watan jiya. Duk ƙa'idar ISO ɗin nan da na ambata, in ka tace ta don ƙaramin ofis, cewa take yi a samu ma'ajiya ɗaya, kuma kowane fayil a san matsayinsa: wanda ake kan aikinsa, wanda aka raba don a duba, wanda aka amince a gina da shi, da tsohon da aka ajiye. Jaka huɗu a Google Drive sun isa. Kowace takarda da lambar gyara da kwanan wata. Sabuwa ta isa wurin aiki, ka karɓe tsohuwar da hannunka ka tafi da ita.

Ranar nuna wa Alhaji

Alhajinka bai yaudare ka ba a aikin baya. Filan rubutu ne, kai ka yi shekaru kana koyon karanta shi, shi kuwa dattijo ne da ba zai ce wa yaro "ban gane ba" a gaban mutane. Sai ya ce to.

Kuskuren da muke yi shi ne mu gyara wannan da hoton ƙawa. Na taɓa yi. Na fitar da hoton wani gida da koriyar ciyawa, da kwalta mai sheƙi kamar an yi ruwa yanzu, da dutsen ado a fuskar ginin wanda ba ya cikin kuɗin da aka yi magana. Mai gidan ya sa aka buga shi babba. Ranar miƙa makulli, cikin hunturu, ƙura ta rufe komai, ya fito da hoton daga mota ya riƙe shi kusa da ginin, bai ce komai ba sai "Wanga ne ko wani?" Ginin ba shi da laifi ko ɗaya, daidai da zane aka yi shi. Ni ne na yi alkawarin da ban rubuta ba. Tun daga ranar, hoton da zan nuna daga samfurin da za a gina da shi yake fitowa, ko da manhajar Enscape ko Lumion ko Twinmotion na gyara haskensa, kuma ba na liƙa wa bango abin da ba a sa kuɗinsa ba.

A zaman farko ma ba na sa launi. Samfuri fari fat nake kawowa, don in ka sa fenti, awa guda za a yi ana gardamar ruwan madara ko ruwan ƙasa, ba a duba girman ɗaki ba. Kuma kada ka fara daga sama kamar shaho, ba wanda zai zauna a gidan daga can. Ka sauko daidai idon mutum, ka tsaya a bakin get, ka shiga a hankali kamar baƙo. Ka yi magana da ma'aunin da ya sani: kada ka ce mita 3.6, ka ce ƙafa sha biyu sha biyu. Ka sa abin da ya san girmansa a ciki, gado ƙafa shida, kujerun falo, motarsa a inda za ta tsaya. Ɗaki fanko a allo yana da wuyar gane ainihin girmansa. In har yanzu kana shakka, ku je filin, ka sa a ja igiya a zuba toka a fitar da falon da ɗaki ɗaya, ya shiga ya tsaya a ciki. Gani ya kori ji.

A aikinka akwai tambayar da na tabbata ita za ta fi kowace zafi, kuma filan ba ya nuna ta: daga tagogin benen asibiti, me ake hangowa a tsakar gidan iyali? Ka tsaya a kowace taga ta baya a samfurin ka juya masa allon. Ka ɗaga katangar maƙwabta da gidajensu ko da a kwali-kwali ne, ka duba ta can ma, don maƙwabcin da aka leƙa masa gida ba zai tsaya ofishinka ba, wurin mai unguwa zai nufa. Maganin yana da sauƙi in an gani da wuri: a ɗaga tagar sama da ido, a juya ta gefe, a sa bulo mai huda, ko a mayar da sito da matakala wancan ɓangaren. Haka za ka tsaya a zaure ka duba ko in an buɗe ƙofa ido yana zarcewa cikin gida. Ka bi hanyar da Hajiya za ta fita unguwa, ka ga ko sai ta ratsa layin masu jiran likita.

Ita Hajiyar, galibi ba ta zuwa zaman, alhali ita za ta yini a gidan. Rabin fashe-fashen da na gani bayan an gama gini daga nan suke: kicin ya yi nisa da tsakar gida, ba wurin murhun icce na ranar suna, ba inda za a yi shanya, sito ba ya ɗaukar buhunan shinkafar da ake kawowa daga gona. Ka ɗauki bidiyon zagayen na minti biyu ko uku, mara nauyi, ka ba Alhaji ya kai cikin gida, ka roƙe shi ya dawo maka da abin da aka ce. Akwai Autodesk Viewer da ake buɗewa a intanet kyauta, masu ArchiCAD kuma suna da BIMx na waya, amma bidiyo ya fi tafiya a inda sabis ke rawa.

Abu biyu kuma da samfuri ke yi da kyau in ka saita masa wurin da ainihin arewa. Na ɗaya alƙibla. Daga Birnin Kebbi tana wajen digiri 70 daga arewa, wato gabas da karkata arewa kusan digiri 20. Ka ja layinta a samfurin tun farko, ka duba ɗan masallacin asibitin, ka duba mazaunin kowane masai kada ya fuskance ta ko ya ba ta baya. In ba ka duba ba, wani malami zai duba bayan an sa tayil. Na biyu rana. Ka saita ƙarfe huɗu na yammacin wata rana a Afrilu, ka nuna masa yadda take dukan bangon yamma, sannan ka tambaye shi ko har yanzu yana son babban gilashin da ya gani a Abuja a wannan fuska. Mu da ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsaka, don haka bangon arewa ma yana son 'yar rumfa, saɓanin abin da littattafan Turai suka saba nunawa.

In za ka ba shi zaɓi, biyu sun isa, kowanne da bambancin kuɗinsa. Samfuri zai ba ka faɗin bango nan take, kowace murabba'in mita kuma tana cin bulo kusan 10, sai ka iya cewa ƙarin ɗakin nan bulo kaza ne, kwano kaza. Amma ka faɗa masa kiyasi ne. Samfuri bai san bulon da zai fashe a sauke ba, bai san ragowar rodin da ake yankewa daga mita 12 ba. Takardar kuɗi aikin mai ƙididdigar gini ce, ka ba shi jadawalinka ya tace.

Kafin a tashi, ka rubuta abin da aka yanke a takarda ɗaya da Hausa, ka buga filan da hotuna huɗu ko biyar daga samfurin, ya sa hannu da kwanan wata a kowanne. Ka gaya masa cikin ladabi, "Alhaji, daga yau har a haƙa harsashi canji kyauta ne, bayan nan kowane canji da kuɗinsa." Ainihin fayil ɗin kuwa ya zauna a wurinka. Na ga wanda aka karɓi hotunansa "a nuna wa iyali", bayan wata uku ya wuce ya ga gininsa yana tashi a hannun wani magini, ba a biya shi ko sisi ba.

Abin da zai ci maka, da inda ya tsaya

Aikin farko zai ɗauke ka lokaci fiye da AutoCAD, kada ka yi wa kowa alkawarin sauri. Sai a na uku, in ka tara bangayenka da ƙofofinka da tagogin da masu walda na garin nan ke ƙerawa da gaske, za ka ga sauƙin. Revit a Windows kaɗai yake aiki, yana son kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 16, ga kuɗin lasisi da ake sabuntawa, ga batun wuta, don haka ka sa inbata a lissafi. Ka kuma sani fayil ɗin da aka adana a sabon Revit ba ya buɗuwa a tsoho, ku daidaita shekara da duk wanda za ku yi musaya. Kada kuma ka faɗa tarkon zana marfin kowace ƙofa da kusoshinta. Abin da ba wanda zai yanke shawara a kansa, ka bar shi a sauƙaƙe.

Abin da na faɗa maka daga gidaje da makarantu da ƙananan asibitoci na samo shi, waɗanda ba su wuce hawa uku ba. In aikin ya kai ga bututun iskar oksijin a bango da sanyaya gini gaba ɗaya daga inji guda, zaman shayi da mai famfo bai isa ba, sai injiniyan wannan fanni da zai zana nasa da kansa. Samfuri kuma bai san ƙasa ba. In filin yana gangarawa wajen fadama, ko laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, gwajin ƙasa da hukuncin injiniya ne za su faɗi irin harsashin, bangon da ke allo zai tsaya ƙyam ko a kan ruwa ka ɗora shi.

Kuma birkila da igiya da tef zai yi aiki, ba da kwamfutarka ba. Wuraren nan masu wuya da ka gano, ƙarƙashin banɗaki, kwanar matakala, inda bututu zai ratsa bim, ka buga kowanne a takarda A3, hoton 3D a gefe ɗaya, awo a ɗaya gefen da manyan lambobi, ka sa a leda ka manna a bangon sito. Ranar da kafinta ya gama katakon dekin, mai rodi ya gama ɗauri, kafin a kira masu kwaɓa, ka hau da kanka da takardun a hannu, kai da mai famfo, ku ƙirga guntayen bututun da aka binne ɗaya bayan ɗaya.